Manjo Anders Lassen, Jarumin Sojan Ƙundumbala

In an zo labarin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, sunayen da ku ka fi ji a makaranta su ne na manya, watau su Cocil da Hitila da manyan janarori masu rundunar dubbai. Yau kuwa labarin wani saurayi za mu ba ku, wanda bai taɓa jan babbar runduna ba, kuma duk kwanansa na duniya bai wuce shekara 24 ba. Sunansa Anders Lassen, mutumin ƙasar Danmak. Daga tashar jiragen ruwa ta Ikko ya tashi zuwa aikin da ya fara fid da sunansa, saboda haka labarinsa ya taɓa ƙasarmu. Muna so, kuna karatu, ku riƙe tambaya guda a zuci: da me a ke auna jarumi? Da yawan waɗanda ya kashe, ko kuwa da yawan waɗanda suka tsira ta dalilinsa?

Asalin Sojan Ƙundumbala

Cikin watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa. Sojan Ingilishi da na abokansu, wajen mutum 338,000, da kyar aka kwashe su ta bakin ruwan Dankak, suka bar igwoyinsu da motocinsu a baya. Ingila ba ta da ƙarfin da za ta koma ƙetare da runduna, kuma ba ta so ta zauna ta naɗe hannu. Sai Cocil, Firayim Minista, ya ce a zaɓo 'yan sa kai, a horar da su, su riƙa ƙetare teku da dare a ƙananan jirage, suna faɗa wa masu gadin gaɓa, suna ɓata abin da suka iske, su komo kafin gari ya waye. Aka sa musu suna Kwamando. Sunan nan aro ne daga Turawan Bowa na Afirka ta Kudu, waɗanda suka wahal da Ingilishi da irin wannan yaƙin sari-ka-noƙe tsakanin 1899 da 1902. Mu a Hausa sojan ƙundumbala mu ke ce da su.

Dabarar abin ita ce, mutum goma in sun iya fitowa ko'ina a kowane dare, tilas abokin gaba ya ajiye dubbai suna tsaron gaɓa, waɗanda da suna can bakin dāga. Watau riba ba ta tsaya ga ɓarnar daren kaɗai ba, har da rashin barcin da za ta jawo.

Ƙuruciyarsa

An haifi Lassen ran 22 ga Satumba 1920, a gidan masu hali da ƙasa mai yawa, a kudancin tsibirin da birnin Kwafanhagan ya ke. Tun yana yaro daji ne wurin wasansa. Ya ƙware wajen harbi da kwari da baka, da jifa da wuƙa, da sanɗar nama ba tare da ko ganye ya motsa ba. A aji kuwa ba a ga wani abin yabo gare shi ba, da ƙyar ya gama. Cikin 1939 ya shiga aikin jirgin ruwa na fatauci, ƙaramin ma'aikaci.

Yana can bisa teku, nesa da gida, ran 9 ga Afrilu 1940, sojan Jamus suka shiga Danmak da asuba. Ƙasar ƙarama ce, shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba kurmi. Kafin rana ta take hukuma ta miƙa wuya. Ku riƙe wannan rana, don za mu sake gamuwa da ita. Abin ya yi wa saurayin nan zafi ƙwarai, ba don an ci ƙasarsa kaɗai ba, har don an ci ta ba a ko ja daga ba. Ya yi ta bin jirage har ya kai Ingila a ƙarshen 1940, ya ba da kansa ga yaƙi.

Can ya faɗa hannun wani hafsa, Gus March-Phillipps, wanda ke tara 'yan mutane ƙalilan don samame ta ruwa. Jirginsu wani tsohon jirgin kamun kifi ne na katako mai filafilai, sunansa Maid Honor. Sun zaɓe shi da gangan, don ba ya ƙara in yana tafiya da iska, kuma wanda ya hango shi ba zai zaci na yaƙi ba ne. Cikin watan Agusta 1941 suka tashi daga Ingila, suka yi mako shida a teku, suka iso Firitawun ta Saliyo ran 20 ga Satumba. Aikin da aka turo su shi ne su bi lungunan gaɓar Afirka ta Yamma, su duba ko jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna da maɓoya a ciki.

Satar Jirage a Farnando Fo

Gabas da Ikko, kusa da gaɓar Kamaru, akwai tsibirin Farnando Fo, wanda yanzu a ke kira Biyoko. A lokacin nan yana hannun Sifen, kuma 'yan ƙwadago da yawa daga kudancin Nijeriya suna aikin gonakin koko a can. Sifen ba ta shiga yaƙin ba. Saboda haka wani babban jirgin fatauci na Italiya, Duchessa d'Aosta, ya fake a tashar Santa Isabel, wadda ita ce Malabo ta yau, tare da ƙananan jiragen Jamus biyu, Likomba da Bibundi. Ingilishi suna zargin jirgin Italiyan nan yana aika labarin zirga-zirgar jiragensu ta wayar iska. Amma shiga tashar ƙasar da ba ta yaƙi da kai, ka ɗauke jirgi, keta doka ce, kuma tana iya tunzura Sifen ta koma wajen Hitila.

Don haka Janar Giffard, babban hafsan soja na Afirka ta Yamma, ya ƙi ba da ko soja ɗaya. Gwamnan Nijeriya, Sir Bernard Bourdillon, shi ya ba da aron jirage biyu masu jan manyan jirage, Vulcan da Nuneaton. Aka kuma sami 'yan sa kai 17 a Ikko, jimlar mutane ta zama 32. Suka tashi daga Ikko ran 11 ga Janairu 1942.

Daren 14 ga wata, wani ɗan leƙen asirin Ingilishi da ke tsibirin ya shirya aka kira hafsoshin jiragen nan walima a cikin gari. Suna can suna ci suna sha, wajen tsakar dare, bayan an kashe fitilun gari, jiragen Ikko suka sulale cikin tasha. Lassen yana cikin na farko da suka yi tsalle suka hau jirgin Italiyan, da igiya a hannu. Ma'aikatan da suka rage a ciki suka ga ba dama, suka sallama. Aka ɗaura nakiya a sarƙoƙin da suka riƙe jiragen, aka fasa. Da masu tsaron tsibirin suka ji ƙara, sai suka zaci jiragen sama ne, suka yi ta harbin sararin Allah. Cikin wajen rabin sa'a an fita da jirage uku da kamammu 29, ba a kashe kowa ba. Ran 21 ga Janairu babban jirgin ya shigo Ikko. Sifen ta yi ƙara mai zafi, Ingilishi kuwa suka yi kememe, suka ce wani jirgin yaƙinsu ne ya tsinci jiragen a tsakiyar teku. Bayan wannan aiki aka yi wa Lassen hafsa, aka kuma ba shi lambar jarumtaka da a ke kira Military Cross.

Daren Tsibirin Sak da Abin da ya Haifa

Da suka koma Ingila, sai suka shiga kai samame a gaɓar Faransa da tsibiran da ke kusa da ita. Cikin Satumba 1942 aka kashe shugabansu March-Phillipps a gaɓar Nomandi. Ba a yi wata guda ba, daren 3 ga Oktoba, 'yan mutane kaɗan suka hau tsibirin Sak, wanda Jamus ta mamaye, don su kamo waɗanda za a tambaya. Lassen ya sanɗi mai gadi ya kashe shi da wuƙa. Suka kama sojan Jamus biyar suna barci, suka ɗaure musu hannuwa. Kamammun suka ɓalle da gudu suna ihu, aka kashe waɗansu daga cikinsu, ɗaya tak aka kai Ingila.

To, nan fa a ke yin ta. Jamus ta ce an harbe mutanenta hannuwansu a ɗaure, ta haɗa da irin ɗaurin da aka yi wa sojanta a harin Diyef cikin watan Agusta. Ran 18 ga Oktoba 1942 Hitila ya ba da umurni a asirce, cewa duk sojan ƙundumbalar da aka kama a kashe shi, ko yana sanye da kakin soja, ko ya ɗaga hannu. Wannan umurni ya ci rayukan samari da yawa a Nowe da Faransa da Italiya. Alhakinsa yana wuyan wanda ya ba da shi da waɗanda suka zartar, kuma bayan yaƙi kotu ta yanke cewa laifi ne babba. Har an harbe wani janar na Jamus, Anton Dostler, cikin Disamba 1945, saboda ya sa an kashe kamammun sojan Amurka 15. Duk da haka, ku lura da yadda aikin dare guda na mutum goma sha wani abu ya ba azzalumi hujjar da ya ke nema.

A Tsibiran Girka

Farkon 1943 aka tura Lassen Gabas ta Tsakiya, ya shiga rundunar ƙananan jirage da ke ƙarƙashin Jellicoe, masu yawo a tsibiran Girka cikin kwalekwalen masunta. Ƙarshen Yuni 1943, ana gab da a faɗa wa tsibirin Sisili, aka aike su tsibirin Kirit su ƙone jiragen saman Jamus a ƙasa, don kada su dami masu ƙetarewa. A filin jirage na Kasteli, Lassen da mutum ɗaya suka shiga ta gefe guda, yana yi wa masu gadi magana da Jamusanci kamar hafsansu ne. Da asiri ya tonu, sai ya ta da hargitsi da gurneti da harbi, duk masu gadi suka yo kansa, abokansa kuwa suka sami sarari ta ɗaya gefen suka dasa nakiyoyinsu. Aka ƙara masa lambar nan karo na biyu. Amma da suka tafi, Jamusawa suka huce a kan mutanen ƙasar, suka harbe wajen mutum 50 waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Cikin Oktoba na shekarar nan, a tsibirin Simi, ga ƙuna a ƙafa ga ciwon ciki, ya tsaya da 'yan mutanensa da waɗansu sojan Italiya da suka juyo, suka kori Jamusawan da suka sauka. Nan ya sami lambar karo na uku. Cikin Afrilu 1944 ya faɗa wa barikin abokan gaba a tsibirin Santorini da tsakar dare, aka kashe ko aka raunata yawancin waɗanda ke ciki, shi ma ya rasa mutum biyu. Bayan tafiyarsu aka kama mutum biyar na wani ƙauye aka harbe, don an ce sun taimake su.

Ba za mu ɓoye muku ba, Lassen mutum ne mai zafin zuciya, mai saurin hannu, kuma ƙiyayyarsa ga waɗanda suka ci ƙasarsa ba ta da iyaka. Abokan aikinsa sun shaida ƙarfin halinsa, sun kuma shaida wannan. Amma da girma ya fara zuwa, sai dabara ta fara rinjaya. Ƙarshen Oktoba 1944, yana Manjo, ya isa birnin Salonika da mutane kamar 40, ya iske 'yan bayan rundunar Jamus suna shirin rushe abin da ya rage a tasha. Sai ya ɗebi motocin kashe gobara na gari, ya cika su da mutanensa, suka shiga da ƙararrawa da harbi kamar goshin babbar runduna ne. Jamusawa suka janye ba su ƙarasa ɓarnar da suka nufa ba.

Daren Komakiyo

Farkon 1945 aka kai su Italiya ta arewa, inda yaƙi ya cije. Kudu da bakin kogin Fo akwai wani makeken tafki mara zurfi, mai taɓo, sunansa Komakiyo. Yamma da shi akwai 'yar siririyar tudu kusa da garin Arjanta, ta nan rundunar Ingilishi ta Takwas ta ke so ta kutsa. Ana bukatar Jamusawa su zaci ta arewacin tafkin za a fito musu, don su karkata ƙarfinsu can. Aka umurci Lassen ya ƙetare tafkin da mutum 18, ya yi hayaniyar da za a ce runduna ce ta sauka.

Daren 8 ga Afrilu suka ƙetare cikin ƙananan kwalekwale, suka hau wata 'yar hanya, ruwa dama ruwa hagu, ba wurin fakewa ko na zomo. Ba su yi nisa ba mai gadi ya tsai da su. Suka ce masunta ne za su gida, dabarar ba ta ci ba. Sai bindigogi masu ruwa suka buɗe musu wuta daga maɓoya uku, ɗaya bayan ɗaya. Lassen ya ruga shi kaɗai da gurneti ya kashe ta farko. Ya sake rugawa cikin ruwan harsashi ya kashe ta biyu. Ya tattara sauran mutanensa, waɗansu sun riga sun faɗi, ya nufi ta uku. Na ciki suka yi kira cewa sun sallama.

A nan ne abin lura. Yana da gurneti a hannu, yana iya jefawa daga nesa ya huta. Sai ya matsa har saura yadi uku ko huɗu, don ya ce su fito ya karɓe su da rai. Yana cikin magana wata bindiga ta buɗe daga hagu, ta same shi. Yana faɗuwa ya jefa gurnetin, mutanensa suka ƙarasa aikin. Suka zo za su ɗauke shi, ya hana. Ya san harsashinsu ya kusa ƙarewa, ya kuma san masu ɗauke da mutum a kan wannan siririyar hanya ba za su kai kwalekwale da rai ba. Ya ce su bar shi su tafi. Suka tafi, suka tsira.

Ya cika da asubar 9 ga Afrilu 1945, shekara biyar daidai, rana kan rana, da cin ƙasarsa. A wannan yini rundunar ta Takwas ta fara babban harinta, cikin kwana goma ta keta ta Arjanta. Sojan Jamus na Italiya suka ajiye makamai ran 2 ga Mayu. Danmak ta sami kanta ran 5 ga Mayu, kwana 26 bayan mutuwarsa. Bai sake ganin gida ba tun fitarsa.

Abin da ya Bari

Cikin Satumba 1945 aka ba da sanarwar an ba shi Victoria Cross, lambar da ta fi kowace daraja a sojan Ingilishi, wadda Sarauniya Biktoriya ta kafa cikin 1856. Ta tagulla ce, ba zinariya ba, ba azurfa ba. Sau 182 kaɗai aka ba da ita a duk yaƙin nan. Iyayensa suka karɓa daga hannun Sarki Joji na Shida. Kabarinsa yana makabartar soja ta Arjanta. Mahaifiyarsa, Suzanne Lassen, ta bi sawunsa tana tambayar waɗanda suka yi zama da shi, ta rubuta littafin rayuwarsa, ya fito cikin 1949. A Kwafanhagan an kafa siffar kansa kusa da gidan tarihin masu gwagwarmayar 'yancin Danmak, kuma sojan ƙundumbala na ƙasar suna ɗaukarsa uban sana'arsu. Ga mutanen da aka ci ƙasarsu cikin 'yan sa'o'i, sunansa ya zama abin share hawaye.

Cikin 2024 aka yi wani fim a kan satar jiragen Farnando Fo, aka nuna Lassen yana zuba gawa da kwari da baka da gatari. Wanda ya kalla sai ya sani abin nishaɗi ne aka shirya. A daren gaskiya ba a zub da jinin kowa ba, kuma wannan shi ne gwanintar aikin.

To, mu koma ga tambayarmu. In da yawan kisa a ke auna jarumi, da masu harbe mutanen ƙauye a Kirit da Santorini su ma sun shiga lissafi, don sun kashe da yawa. Ku duba ayyukan Lassen ɗaya ɗaya. Waɗanda aka fi zub da jini a cikinsu, su ne suka jawo ramuwa a kan talakawan da ba su da lamba, ba su da siffa a dandali, kuma ya kamata mai karatun tarihi ya tuna da su duk sa'ad da ya tuna da shi. Waɗanda suka fi amfani kuwa, su ne inda wayo ya tsaya a maimakon harsashi, kamar Santa Isabel da Salonika. Aikin da ya fi duka kuma shi ne na ƙarshe, sa'ad da ya matsa kusa don ya karɓi abokan gabansa da rai, sa'an nan ya ƙi a ɗauke shi don nasa mutane su koma gida.

Rashin tsoro halitta ce, wani an haife shi da ita, wani ba a haife shi da ita ba, kuma ita kaɗai ba ta isa yabo ba. Abin da a ke koya, wanda kowannenku yana iyawa ko bai taɓa riƙe bindiga ba, shi ne mutum ya san waɗanda ke bayansa, ya auna abin da aikinsa zai jawo musu, in ta kama ya ɗauki asarar a kansa. Saurayin nan ya shiga yaƙi da fushi, amma abin da ya sa a ke tunawa da shi har yau, a ƙasarsa da wajenta, shi ne umurninsa na ƙarshe ga mutanensa, cewa su bar shi su tsira.